Sabis na nan, shafi ya ƙi buɗewa: abin da ya kamata ku sani game da saitin DNS a ƙaramin ofis

Akwai wata matsala da ke yawan rikita masu ƙananan ofisoshi, da masu shagon buga takardu, da makarantun da ke da ɗakin kwamfuta. Fitilun rauta duk suna ci, alamar Wi-Fi a cike take, an duba data akwai ta, wani lokaci har saƙon WhatsApp na shigowa, amma da an rubuta sunan shafi a burauza sai ta yi ta juyi, can ta ce ba ta same shi ba. Ko kuma intanet ɗin lafiyarsa lau, firintar da aka saba kira da sunanta ce ta yi ɓatan dabo, alhali ga ta nan a kunne kan tebur. Abin da aka saba shi ne a kashe rauta a kunna, a yi wa kamfanin waya tofin Allah tsine, in abin ya ci tura a kira injiniya. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Layi bai yanke ba. Abin da ya samu tangarɗa shi ne tsarin da ke mayar da suna ya zama lamba, wanda ake kira DNS.

Kwamfuta ba ruwanta da suna. Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa lamba gare ta, adireshin IP, irin su 192.168.1.20, kuma da lambar nan ake aika mata saƙo. Suna don mu mutane aka yi shi. A farkon zamanin intanet, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe ba su wuce ɗaruruwa ba, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunayensu da lambobinsu duka. Ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ne ke kula da shi, kowa na zuwa ya kwafa. Da yawa ya yi yawa sai abin ya gagara, a 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka raba aikin tsakanin sabobi masu ɗimbin yawa, kowace na riƙe da nata yankin sunaye.

Ku ɗauki sabar sunan da ke cikin ofishinku a matsayin mai unguwa. Baƙo ya zo da sunan mutum, mai unguwa ya nuna masa gida. In mutumin ba ɗan unguwar ba ne, mai unguwa ya aika a tambayo na gaba da shi, har a kai ga wanda ya sani. Amma sarkin wani gari mai nisa, komai girmansa, ba zai san gidan wane a lungunku ba. Wannan batu na ƙarshe ku riƙe shi, domin rabin rikicin ƙananan ofisoshi daga nan yake fitowa.

Tambayar da ta fita waje tana da matakai. A can ƙololuwa akwai sabobin tushe masu suna 13, daga A zuwa M, waɗanda hukumomi 12 ke tafiyarwa, kowane suna kuma da kwafe-kwafensa a warwatse cikin duniya. Su ba su san lambar shafin da kuke nema ba, sai dai su ce wanda ke riƙe da .ng ga shi can, wato NiRA a Najeriya, ko mai riƙe da .ne na Nijar, ko .com. Shi kuma ya nuna sabar mai shafin, ita ce mai amsa ta ƙarshe. Duk wannan kai-komo bai cika kai daƙiƙa guda ba, shi ya sa ba a sanin yana faruwa sai ranar da ya tsaya.

A ƙaramin ofis abin da sauƙi. Da zarar na'ura ta haɗu da rauta, rautar na ba ta abu huɗu ta hanyar tsarin da ake kira DHCP: lambarta, iyakar lambobin cikin gida, ƙofar fita waje, da lambar sabar sunan da za ta riƙa tambaya. Mafi yawan rautoci kansu suke bayarwa a matsayin sabar suna, su karɓi tambaya su miƙa wa sabar kamfanin da ke ba ku intanet. Shi ya sa za ku ga lambar ƙofar fita da ta DNS iri ɗaya ce: 192.168.1.1 a rautoci da dama, 192.168.0.1 a yawancin na TP-Link, 192.168.8.1 a MiFi na Huawei, 192.168.88.1 a MikroTik.

Kafin a taɓa komai, a raba hanya da suna

Gaggawar canza saiti ita ke mayar da matsala ɗaya ta zama uku. Abin farko shi ne a ga me kwamfutar take riƙe da shi a yanzu. A Windows a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig /all, a nemi layuka uku: IPv4 Address, Default Gateway, da DNS Servers. A rubuta su a takarda. In akwai wata kwamfuta a ɗakin da ke aiki lafiya, a yi mata haka ita ma, a jera takardun biyu. Sau da yawa bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya tona asirin matsalar.

In lambar kwamfutar ta fara da 169.254, to maganar DNS ba ta ma taso ba. Lamba ce da Windows ke ba kanta idan ta nemi rauta ta ba ta adireshi ba ta ji amsa ba. A duba kebul, a duba suwic, a duba ko DHCP na rautar a kunne yake.

In lambar ta gida ce sosai, wato ta fara da 192.168, ko 10, ko tana tsakanin 172.16 da 172.31, sai a yi gwaji uku a jere. Na farko, ping da lambar rauta, misali ping 192.168.1.1. Ya amsa, cikin gida lafiya. Na biyu, ping 8.8.8.8, wadda lambar wata sabar Google ce. Ta amsa, hanyar waje a buɗe take. Na uku, ping google.com. Idan biyun farko sun amsa, na uku ya ce bai san wannan suna ba, an kama ɓarawo: DNS ne. Idan kuwa tun a na biyu aka tsaya, ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma duk canjin sabar sunan da za a yi ɓata lokaci ne. Waɗanda suka sha wahalar ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul-kebul na ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sun ga irin wannan. Ba suna ne ya ɓace ba, hanyar ce ta yanke. Haka nan idan kuɗin data ya ƙare, ko aka sayi irin datar da ke buɗe shafukan sada zumunta kaɗai.

Ɗan gargaɗi a nan: wasu hanyoyin sadarwa na toshe ping da gangan. In 8.8.8.8 ta yi shiru, a gwada 1.1.1.1, a kuma rubuta 1.1.1.1 ɗin a burauza. In shafin Cloudflare ya buɗe, hanya na nan.

Yadda ake yi wa sabar suna tambaya kai tsaye

Kayan aikin da ya fi amfani a wannan gaɓa shi ne nslookup, kuma yana cikin kowace Windows. A rubuta nslookup bbc.com. Layuka biyu na farko na faɗin wace saba aka tambaya, na ƙasa kuma amsar da ta bayar. Sai a sake tambayar, amma a wannan karon a nuna wata saba dabam: nslookup bbc.com 8.8.8.8. In ta gida ta gaza ta waje ta amsa, laifin na rautarku ne ko na sabar kamfanin da take miƙa wa tambaya.

Yana da kyau a iya karanta amsoshin, domin gazawa iri-iri ce, kuma kowace da inda take nuni. "DNS request timed out" na nufin an yi sallama ba a amsa ba: ko sabar a kashe take, ko lambar da aka rubuta kuskure ce, ko wata katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 53, wadda DNS ke bi. "Non-existent domain", wanda Chrome ke nunawa da DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN, amsa ce cikakkiya: sabar na da rai, ta ce babu wannan suna. Nan sai a fara duba rubutu, harafi ɗaya ya isa, sannan a yi tunanin ko rajistar sunan ta ƙare, ko kuwa sunan cikin gida ne aka kai wa sabar waje. "Server failed" na nufin sabar ta yi ƙoƙarin tambayowa ta kasa. "Query refused" kuma ta ji ku, ta ƙi, galibi don ba a saita ta ta amsa wa lambarku ba.

Akwai biyu da ke tsorata mutane a banza. "Non-authoritative answer" ba laifi ba ne, cewa kawai take amsar an jiyo ta ne daga mai ita. "Server: UnKnown" kuma na nufin ita sabar ba a raɗa mata suna ba, aikinta na tafiya yadda ya kamata.

Wani abu da ko masu gyara ke mantawa: nslookup na zuwa wurin saba ne kai tsaye, ba ya duba abin da kwamfuta ta haddace, ba ya duba fayil ɗin hosts. Ping da burauza kuwa suna dubawa. Saboda haka in nslookup ya kawo lamba daidai amma burauza na zuwa wani wuri, kada a ƙara wahalar da rauta. Matsalar na cikin kwamfutar kanta.

Maganin 8.8.8.8 da illarsa

Tun da Google ta buɗe sabarta ta 8.8.8.8 da 8.8.4.4 ga kowa a Disamba 2009, sannan Quad9 ta zo da 9.9.9.9 a 2017, Cloudflare ta biyo da 1.1.1.1 ranar 1 ga Afrilu 2018, lambobin nan suka zama kamar maganin kowace cuta a hannun masu gyara. Injiniya ya zo, ya shiga saitin katin sadarwa, ya rubuta takwas huɗu da hannu, shafi ya buɗe, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba ƙarya ya yi ba, shafin ya buɗe. Amma ya bar baya da ƙura.

Sabar Google ba ta san firintarku ba, ba ta san kwamfutar akanta ba, ba ta san na'urar da kuke ajiye fayiloli ba, kuma ba za ta taɓa saninsu ba. Lambobin 192.168 da 'yan uwansu an keɓe su ne don amfanin cikin gida tun cikin shekarun 1990, miliyoyin ofisoshi na amfani da lambobi iri ɗaya, ba wanda ya san na wani. Wanda ya san sunayen cikin gida shi ne rautarku, ko sabar ofis in kuna da ita. Kwamfutar da aka juya fuskarta ga Google za ta buɗe shafukan duniya, ta makance a cikin ɗakinta.

Sai wani ya ce, to a sa ta gida a gurbin farko, a sa ta Google a gurbi na biyu. Wannan ya fi kowanne wahalar ganowa. Mutane na zaton in ta farko ba ta san suna ba za a tambayi ta biyu. Ba haka abin yake ba. Ana komawa ga ta biyu ne idan ta farko ta yi shiru ko ta yi jinkiri. Idan kuma aka koma, ta Google ta ce babu wannan suna, kwamfuta za ta ɗauki amsar a matsayin gaskiya, har ta haddace ta na ɗan lokaci. Sakamakon shi ne cutar da ke zuwa ta tafi: da safe manhajar ofis na buɗewa, da azahar ta ƙi, da la'asar ta dawo ba tare da kowa ya yi komai ba. A ofisoshin da ke da Windows Server mai Active Directory abin ya fi muni, domin ta DNS kwamfuta ke gano sabar da za ta tantance kalmar sirrin ma'aikaci. Sai a ga shiga kwamfuta na ɗaukar mintuna, manyan fayilolin da aka raba sun ƙi buɗewa, ana ta zargin bairos.

A ganina ƙa'idar guda ce. Duk na'urorin ofis su riƙa tambayar wuri ɗaya, wanda ya san sunayen gida, kuma su samu lambarsa daga DHCP, ba da rubutun hannu ba. In sabar kamfanin intanet ɗinku na yawan ba da ciwon kai kuna son ta Google ko ta Cloudflare, a sa su a cikin rautar, a ɓangaren WAN ko Internet, ta yadda rautar ce za ta miƙa musu tambayoyin waje. Gyara a wuri ɗaya, kowa ya amfana. In ana son saba ta biyu don gudun tsautsayi, ta zama ita ma ta san sunayen gida.

Kada kuma a ruɗe ku da cewa canza DNS na ƙara gudun intanet. Yana iya rage ɗan jiran da ake yi kafin shafi ya fara buɗewa, in sabar da kuke kai mai nawa ce. Bidiyon da ke tsayawa yana lodi ba zai daina ba. Kuma duk wanda kuka ba aikin amsa muku suna yana ganin sunan kowane shafi da kuka nema, wannan ma abin lura ne.

Rauta biyu a gida ɗaya

Ofis ya faɗaɗa, Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya, aka sayo wata rauta aka jona ta da kebul. In aka sa kebul ɗin a ɗaya daga ramukan LAN ba tare da an kashe DHCP nata ba, an samu masu rabon adireshi biyu ke nan, kuma na'ura na karɓa ne daga wanda ya riga amsawa. Wadda ta yi rashin sa'a ta karɓa daga sabuwar za ta samu ƙofar fita da sabar sunan da ba sa kaiwa ko'ina. Alamarsa ita ce wasu kwamfutoci na aiki wasu ba sa yi, gobe kuma su yi musaya. Layin DHCP Server a sakamakon ipconfig /all zai nuna wanda ya ba da adireshin. Gyaran shi ne a kashe DHCP na rauta ta biyu, ko a mayar da ita Access Point in tana da wannan zaɓi. Daga nan a rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew a kwamfutocin da abin ya shafa.

In kuwa an sa kebul ɗin a ramin WAN ne, intanet zai yi aiki, sai dai an gina wani gida a cikin gida. Na ɗakin baya ba za su ga sunayen na'urorin gaba ba.

Abin da kwamfuta ta haddace

Kowace amsar DNS na zuwa da wa'adi, ana kiransa TTL, ana lissafa shi da daƙiƙa: 300 minti biyar ke nan, 3600 awa guda, 86400 yini da kwana. Har wa'adin ya cika, kwamfuta da rauta ba sa sake tambaya. Wannan ne dalilin da ya sa bayan an gyara kuskure, ko an mayar da shafin kamfani wata sabuwar saba, wasu ke ganin sabon wasu na ganin tsohon. A Windows ipconfig /displaydns na nuna abin da aka haddace, ipconfig /flushdns na share shi. Chrome na da nata ƙaramin ma'aji dabam, rufe ta gaba ɗaya a sake buɗewa na wadatarwa. Kashe rauta a kunna kuwa na share nata, shi ya sa wannan tsohuwar dabara ke ci wani lokaci.

Shi kuma tsohon fayil ɗin hosts bai mutu ba. Yana nan a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a Linux da Mac kuma /etc/hosts, kuma abin da aka rubuta a cikinsa na gaba da amsar kowace saba. Mai sa manhajar lissafin kuɗi ya rubuta sunan sabar ofis da lambarta a ciki shekaru uku da suka wuce, lambar ta canza, ba wanda ya tuna. Manhajojin da aka fasa aka sa ba lasisi su ma sun saba cusa layuka a ciki don toshe shafin kamfanin da ya yi su. A buɗe shi da Notepad a duba. Layin da ya fara da alamar # bayani ne kawai, ba ya aiki.

Masu Ubuntu in sun buɗe /etc/resolv.conf za su ga 127.0.0.53. Kada su ɗauka kuskure ne. Wani ɗan tsani ne a cikin kwamfutar, kuma resolvectl status ne ke nuna ainihin sabar da ake tambaya. Gyara fayil ɗin da hannu ba ya ɗorewa, tsarin zai sake rubuta shi.

Na'urorin da ke tsallake rauta

A da duk abin da rauta ta ce shi na'ura ke bi. Yanzu ba haka ba. Tun daga Android 9 na 2018 wayoyi ke da saitin Private DNS. In wani ya rubuta sunan wata saba a ciki don toshe talla, wayar za ta yi watsi da ta ofis, kuma duk ranar da ta kasa isa ga waccan sabar sai ta nuna tana haɗe amma babu intanet. A mayar da shi Automatic a gani. Chrome da Edge na da Use secure DNS a ɓangaren tsaro, Firefox ma na da irinsa, ta fara kunna shi kai tsaye ga masu amfani da ita a Amurka a Fabrairu 2020. Waɗannan saitunan na burauza suna ɓoye tambayar suna a cikin ƙofa ta 443, wadda shafuka ke bi, abu ne mai kyau ga sirri. Amma idan burauza ɗaya ta ƙi buɗe shafin cikin gida wata ta buɗe, nan za a fara leƙawa.

VPN ma haka. Yawancinsu na ƙwace DNS muddin suna kunne. Wayoyi da kwamfutoci da yawa a Najeriya sun samu VPN ne a watannin da aka dakatar da Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wasu kuma har yau suna nan an manta da su. Akwai waɗanda ko an cire su sai su bar saitinsu a baya.

Wane suna za a raɗa wa na'urorin gida

Wanda ya kai ga kafa sabar suna tasa, da dnsmasq ko Pi-hole ko Windows Server, zai buƙaci ƙarshen suna na cikin gida. Kada ya zaɓi .local. An keɓe shi a 2013 ga wani tsari dabam, mDNS, wanda na'urori ke shelanta sunansu da kansu ba tare da saba ba. Da shi Bonjour na Apple da Avahi na Linux ke aiki, da shi waya ke gano firinta. In aka yi amfani da shi a sabar ofis, Mac da Linux na iya yin jinkiri ko su kasa gane sunan sam. Kada kuma a ƙirƙiro ƙarshen suna daga ka. Masu rubuta manhaja da yawa sun daɗe suna amfani da .dev a kwamfutocinsu, sai Google ta mallake shi, a ƙarshen 2017 Chrome ta fara tilasta masa HTTPS, shafukansu na gwaji suka daina buɗewa. Waɗanda aka tanada don wannan aiki su ne home.arpa, tun 2018, da .internal, wanda hukumar ICANN ta keɓe a 2024.

Wuta, da agogo

A wurarenmu akwai wani sanadi da littattafan ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba: ɗaukewar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke aka tayar da janareta, komai na tashi lokaci guda, rauta na sake rabon lambobi, firinta ko sabar ofis na iya samun wata lamba dabam da ta jiya, sunan kuma na nuni ga tsohuwar. In na'urar da lambarta ta canza ita ce sabar sunan kanta, ofis gaba ɗaya ya tsaya. Duk na'urar da wasu ke nema, a ɗaure mata lamba guda a rauta ta hanyar Address Reservation ko DHCP Reservation. Ƙaramin UPS ko batir na musamman ga rauta da suwic ya fi ziyarar injiniya goma araha.

Agogo ma na da hannu. Ƙananan rautoci da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, in sun tashi sai sun tambayo ƙarfe nawa daga intanet, kuma da suna suke tambaya. In an saita su da DNS mai ɓoye saƙo, wanda ke duba kwanan watan takardar shaida kafin ya yarda, sai a shiga tsaka mai wuya: ba suna sai da lokaci, ba lokaci sai da suna. Kwamfutocin hannu da ƙaramin batirinsu na CR2032 ya mutu su ma suna farkawa da kwanan watan shekarun baya, burauza ta ƙi shafuka, a ɗora wa DNS laifin da ba nasa ba.

Wani lokaci kuma laifin ba ya gidanku sam. Ranar 4 ga Oktoba 2021 wani kuskuren saiti a cikin Facebook ya sa sabobin sunansu suka janye daga intanet na kusan awa shida, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya. In suna ɗaya ne ko na kamfani ɗaya ke ƙi, kuma ya ƙi a 8.8.8.8 da 1.1.1.1 da datar waya, ku bar rautarku ta huta.

Akwai nau'in da ya fi duk waɗannan haɗari, domin shi shafi na buɗewa, sai dai ba na gaskiya ba ne. Wanda ya iya canza sabar sunan rautarku zai iya kai ku shafin banki na bogi alhali kun rubuta sunan daidai. Ba tatsuniya ba ce: a Nuwamba 2011 hukumar FBI ta Amurka ta wargaza wani gungu a Estoniya da ya yi amfani da manhajar DNSChanger ya karkatar da kwamfutoci kusan miliyan 4. In kun ga baƙuwar lamba a gurbin DNS na rauta wadda ba ku kuka sa ba, kamfaninku ma bai san ta ba, ku cire ta, ku canza kalmar sirrin shiga rautar, wadda a wurare da yawa har yau admin ce, ku kashe damar sarrafa ta daga waje, ku sabunta manhajarta. In burauza ta yi gargaɗin takardar shaida a shafin banki, kada a danna wuce.

Ɗan ramin nan na Reset da ke bayan rauta kuwa a bar shi ya zama na ƙarshe. Ba DNS kaɗai yake sharewa ba, har da sunan Wi-Fi, da lambobin da aka ɗaure wa firinta da saba, da suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya shigar don haɗa layi. Kafin a soka masa tsinke, a ɗauki hoton kowane shafin saiti da waya, ko a sauke kwafin saitin daga ɓangaren Backup a ajiye a filas.